Wai su waye a hoton nan na sojan ruwa da nas ranar da Japan ta miƙa wuya?

Mai_Tambaya:
Salam 'yan uwa. Don Allah masu bin tarihin yaƙin duniya na biyu ku warware min, hoton nan da aka ɗauka a Times Square a New York ranar 14 ga Agusta 1945, inda wani sojan ruwa ya rungumo wata mata mai fararen kaya yana sumbatarta mutane na ta murna, wai su waye? Wani wuri na ga an ce Edith Shain ce, wani wuri a ce Greta, shi ma namijin sunaye daban daban nake gani. Ya za a yi hoto ya yi suna haka amma a rasa masu shi?

Tsohon_Malami:
Wa alaikumus salam. Ai daga mai hoton matsalar ta faro. Alfred Eisenstaedt na mujallar Life ne ya ɗauka, guda huɗu ya ƙyasta cikin 'yan daƙiƙu, bai tsaya tambayar sunan kowa ba su kuma suka shige cikin cunkoso. Ka duba hoton da kyau, hannun sojan ya rufe fuskar matar shi kuma ya sunkuya rabin fuskarsa kawai ake gani. To bayan shekara talatin da wani abu Edith Shain, wata nas, ta rubuta wa Eisenstaedt wasiƙa ta ce ita ce, a 1980 Life ta yi cigiya sai ga maza 11 da mata 3 kowa na cewa shi ne.

Zakin_Teku:
Ni dai a wajena George Mendonsa ne da Greta Zimmer Friedman, hujjarsu ta fi ta kowa ƙarfi. Mendonsa ɗan Rhode Island ne, ranar yana hutu ya fita da budurwarsa Rita suna kallon fim a gidan kallo na Radio City aka katse fim ɗin da labarin Japan ta sallama, suka fito, shi kuma ya sha ya yi tatil, ya ga mai fararen kaya ya ɗauka nas ce, kuma yana ganin girman nas nas tun da ya ga yadda suka yi jinyar waɗanda suka ji rauni a jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Bunker Hill. Alhali Greta ba nas ba ce ma, mataimakiyar likitan haƙori ce, Bayahudiya da ta gudo daga Ostiriya. Abin dariyar, masu binciken da suka fitar da littafi a kai a 2012 sun ce Rita ɗin ce ake hangowa a bayansa tana murmushi, kuma daga baya ita ya aura. Edith kuma an ce ta cika gajarta idan aka auna ta da sojan.

Ba_Sani_Ba_Sabo:
Zaki sassauta mana, maganar ba ta mutu ba fa. A 2007 Lois Gibson mai zana wa 'yan sandan Houston fuskokin masu laifi ta auna kunne da hannu da ƙashin fuska ta ce Glenn McDuffie ne. Ita ma ƙwararriya ce ai. Sannan a 2015 Donald Olson, wani masanin kimiyya a jami'ar Texas State, shi da abokan aikinsa suka bi inuwar da ta faɗa a jikin wani gini a hoton suka lissafa inda rana take, suka ce ƙarfe 5:51 na yamma aka ɗauka. Labarin su Mendonsa kuwa wajen ƙarfe 2 na rana yake nunawa, tunda Greta cewa ta yi a hutun cin abincin rana ta fito. To wa za mu gaskata, inuwa ko tunanin tsofaffi bayan shekara sittin? Kuma kar ku manta ranar ba soja ɗaya ne ya yi ta sumbatar mata a wurin ba, ta yiwu da yawansu ba ƙarya suke yi ba, kawai dai ba su aka ɗauka ba.

Yar_Gidan_Karatu:
Ku duk kuna ta neman suna, ni abin da ke damuna yadda ake kiran hoton na soyayya. Wace soyayya? Ba su san juna ba. Greta da bakinta a hirar da aka yi da ita a 2005 ta ce ba ita ta zaɓa ba, kawai ji ta yi an cafke ta. Ku dubi yadda ya maƙale mata wuya da hannu. Gaskiya ita ba ta riƙe shi da ƙulli a rai ba, har sun sha haɗuwa daga baya, amma da Mendonsa ya rasu a 2019 sai da aka je aka rubuta #MeToo, taken masu fafutukar yaƙi da cin zarafin mata, a jikin mutum-mutumin hoton da ke Sarasota a Florida.

Mai_Tambaya:
Na gode ƙwarai. Na ji an ce akwai wani hoton na biyu na wannan lokacin, shi bai nuna fuska ba?

Tsohon_Malami:
Akwai, Victor Jorgensen na rundunar sojan ruwa ne ya ɗauka daga gefe, New York Times ta buga shi. Shi ma fuskokin a rufe suke, bai raba gardama ba.