Baliste da Hausa: kifin kunama ko kifin sakata?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da ilimin halittu a nan Maradi. Shekaranjiya muna darasin kifayen teku sai muka iso kan wanda Faransawa ke kira baliste, masu Ingilishi kuma triggerfish. Wani yaro daga bencin baya ya ɗaga hannu: "Mushe, da Hausa fa?" Na yi tsuru-tsuru da alli a hannu.

Ga yadda kifin yake. A teku mai ɗumi yake zama, galibi cikin duwatsun murjani, kuma danginsa, Balistidae, sun kai nau'i 40 ko kusa da haka. Yana da ƙayoyi 3 a gadon baya. In ya tsorata sai ya kutsa cikin rami ya miƙe ta farko, mai kaurin, ta biyu kuma ta tokare ta daga baya. Ja duk yadda za ka ja, ba ya fitowa. Amma da ka danna ƙaramar, sai babbar ta kwanta nan take, kamar an taɓa kunamar bindiga. Nan sunan Ingilishin ya samo asali. Shi ya sa na ce ko mu ce kifin kunama. Me kuka gani?

Amsa ta 1: Malam, da girmanka, ban yarda ba. Bahaushe in ya ji kunama, harbi zai tuna kafin bindiga. Ƙayar wannan kifi ba ta da dafi, haƙora ne makaminsa. Kuma akwai wani kifin teku mai dafi a ƙaya, wanda Faransawa ke ce wa rascasse. In ka ba baliste sunan, shi kuma wancan da me za ka kira shi?

Amsa ta 2: Ni a gidan masunta na tashi, a Madarunfa. Abin nan da kake kwatantawa ai halin ƙurungu ne. In ya faɗa taru sai ya ƙame ƙayoyinsa, ka yi ta fama kafin ka zare shi, yana ta gurnani a hannunka. Ku ce ƙurungun teku kawai.

Malamin: Yaya, ka taɓo wani abu, don shi ma yana gurnani. Akwai nau'in da jihar Hawai ta Amurka ta ɗauka a matsayin kifinta, suna kiransa humuhumunukunukuapua'a, sunan da ke kwatanta bakinsa da hancin alade. Sai dai ƙurungu ɗan uwan tarwaɗa ne, ga gashin baki, ba ɓawo. Baliste kuwa faffaɗa ne, fata kamar kirgi, idanu can sama nesa da baki, kowane ido na juyawa shi kaɗai. Wani nau'insu har feshin ruwa yake wa bushiyar teku ta kife, ya ci ta ta ciki inda ƙaya ba ta da yawa. In na ce ƙurungu, yaran nan kifin kasuwa za su zana mini ranar jarrabawa.

Amsa ta 3: Ɗana, kuna ta zagaye. Wanda ya shiga ɗaki ya tura ƙyaure ya tokare daga ciki, me ya sa? Sakata. Kifin sakata.

Amsa ta 1 kuma: Hajiya ta gama magana. Kokwanto ɗaya gare ni: sunan ya sa shi kamar matsoraci. Ɗaya daga cikin manyansu, Balistoides viridescens, yana kai santimita 75, kuma lokacin da ake gadin ƙwai a ramin yashi, masu ninƙaya ma kora su yake da cizo.

Malamin: Gaskiya ne, amma wannan halin wasu ne a lokacin ƙwai, sakatar kuwa duk dangin na da ita. Na gwada a gida da daddare, na ce wa ƙanwata "kifin sakata" ban ƙara komai ba. Ta ce, "Wato kulle kansa yake?" Ranar Litinin shi zan rubuta a allo, baliste a gefensa saboda jarrabawa. Na Hawai kuwa, duk yaron da ya faɗi sunansa sau 3 bai sarƙe ba, ƙosansa na tara yana wuyana.