Kamfanin kwamfuta ko na waya ya koma sayar da talabijin: wa ya taɓa saye, yaya kuma ta kaya?

Malamin Lissafi, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Zancen nan na cewa Apple zai ƙera talabijin mai tambarinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Tun 2011 ake yin sa, lokacin da littafin tarihin rayuwar Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fito makonni kaɗan bayan mutuwarsa, aka karanta a ciki cewa ya ce ya gano bakin zaren yadda za a yi talabijin mai sauƙin sarrafawa. Wani mai sharhi kan hannun jari, Gene Munster, ya yi shekaru yana cewa ga ta nan tafe. Sai a 2015 ya janye maganarsa, bayan jaridar Wall Street Journal ta ruwaito cewa kamfanin ya jingine aikin. A Nuwamban 2024 kuma Mark Gurman na Bloomberg ya ce ana sake duba batun a cikin gida.

Ni dai ba hasashe nake nema ba, an yi shi har ya isa. Wanda ya taɓa sayen talabijin daga kamfanin da aka sani da kwamfuta ko waya, ko ya sayar da ita, ko ya gyara ta, don Allah ya gaya mana abin da ya gani da idonsa. Muna haɗa wa ƙanwata kayan ɗaki, kuma irin waɗannan ne masu shago suka fi tura mana.

Ɗan Bronx, Amurka:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan abu an taɓa yin sa a nan, kuma a gabana aka yi. Farkon zuwana ƙasar nan aikin kai kaya gidajen mutane da kafa talabijin a bango na samu, daidai lokacin da masu kwamfuta suka yi caa a kan harkar.

Kamfanin kwamfuta na Gateway ne ya fara tayar da ƙura. A ƙarshen 2002 ya fito da filasma, wato wata irin talabijin mai shimfiɗaɗɗen gilashi, mai inci 42 a kan dala 2,999, lokacin da irinta a wajen manyan kamfanoni ta fi haka tsada nesa ba kusa ba. Mutane suka yi ta saye. Dell ya bi sahu a 2003, HP ma ya shigo a 2004. Ina tuna wahalar filasman nan: sai mutum biyu ƙarfafa, kuma ba a kwantar da ita, a tsaye ake ɗaure ta cikin mota saboda nauyin gilashin kan iya tsaga ta. Ga hawa bene a tsofaffin gidajen New York, kana tafe kana addu'a kada kusurwa ta bugi bango.

Yaya aka ƙare? Gateway ya rufe dukkan shagunansa a 2004, Acer ya saye shi a 2007. Dell da HP kuwa kafin 2010 duk sun daina yin talabijin mai sunansu. Dalilin da na gani a aikace shi ne, mutum yakan sayi kwamfuta ta waya ko ta intanet bai gan ta ba, don lambobi yake dubawa. Talabijin kuwa so yake ya tsaya gabanta a shago, ya jera ta da wata, ya kira matarsa ta duba kalar. Kuma idan ya saya ya tafi ke nan, ba za ka sake ganin ƙeyarsa ba sai bayan shekaru bakwai ko takwas. Kamfanin da ya saba abokin cinikinsa ya dawo duk bayan shekara biyu ko uku ba zai ji daɗin wannan kasuwa ba.

Shi kansa Apple ai ya taɓa ɗanɗanawa. A 1993 ya yi wata baƙar kwamfuta mai suna Macintosh TV, mai inci 14, wadda ake kallon tashoshi a cikinta. Kusan 10,000 kawai aka ƙera, cikin 'yan watanni aka daina.

Mai Gyara, Sabon Gari Kano:
Alhaji na Bronx ya faɗi gaskiya, bari in ɗora daga teburin gyara. Yawancin talabijin ɗin zamani idan na kwance bayanta abu huɗu nake tararwa: fanel, wato gilashin da hoto ke fitowa, layukan ƙananan fitilu da ke haska shi ta baya, bod ɗin wuta, da babban bod mai ƙwaƙwalwa. Fanel ɗin shi ne kuɗin, kuma kamfanonin da ke yin sa a duniya ba su da yawa, irin su BOE da CSOT na Sin da LG Display na Koriya ta Kudu. Samsung ma ya daina yin fanel na LCD da kansa a 2022, saye yake yi. Saboda haka sau da yawa sunan da ke goshin talabijin daban, abin da ke cikinta daban. Na sha buɗe guda biyu masu suna daban-daban in tarar da fanel iri ɗaya sak.

Abin da ya fi kawo mutane wurina shi ne, ana jin murya babu hoto. Sai in haska tocilan ɗin waya a jikin gilashin, in ga hoton can ciki dishi-dishi. To fitilun baya ne suka ƙone, wannan gyara ne mai sauƙi in akwai kayan. Na biyu bod ɗin wuta, idan aka dawo da wuta da ƙarfi. Na uku tsawa da damina, ta biyo wayar dish ta shiga dikoda ta wuce ta ƙona ramin HDMI.

Inda ake shan wuya da na masu waya shi ne babban bod. Akwai wadda wani bawan Allah ya kawo min, ta wani kamfanin waya, ba zan kama suna ba. Tana kunnuwa ta tsaya a kan tambari, nan za ta wuni. Na nema a Kano babu, na aika Alaba a Legas babu, don samfurin sau ɗaya aka shigo da shi aka daina. Fanel lafiya lau, ko ƙwarzane babu. Daga ƙarshe bod ɗin gama-gari na sa mata, ta koma talabijin ta dikoda zalla, duk abin da ya biya kuɗi dominsa na intanet ya tafi. Mutumin ya daɗe zaune a kan benci bai ce komai ba, abin ya tsaya min a rai.

Shi ya sa in aka ce Apple, tambayata ita ce wa zai gyara? Ba shi da shago nasa na kansa ko ɗaya a duk Afirka, sai dillalan da ya amince da su. Ku tambayi 'yan'uwanmu na kasuwar waya ta Farm Centre yadda iPhone ke nuna gargaɗi idan aka sa mata sikirin ɗin da ba ta gane ba. A talabijin mai inci 65 wannan ba ƙaramin tashin hankali ba ne.

Uwar Biyu, Kaduna:
Ni kam na saya, kuma ba zan ce ban ji daɗinta ba. Ta kamfanin da ya yi wayata ce. Abin da ya ja ni shi ne in ina kallon wa'azi ko girki a waya, taɓawa ɗaya ya koma babban allo. Tafsirin azumi duk a kai muka yi, har surukata ta koyi neman malamin da take so da murya ta rimot.

Da ta kwana biyu sai ta fara nauyi. Ka danna rimot ka jira, ka sake dannawa sai ta yi tsalle biyu. Daga baya manhajar da yara ke kallon zane a ciki ta ce sai an sabunta, talabijin ɗin kuma ta ce babu sabuntawa. Hoton yana nan garau kamar ranar da aka kawo ta. Ƙanina ne ya sayo min ɗan ƙaramin akwatin nan da ake soka wa a baya, shi ke nan komai ya dawo. Malam na Zariya, in ni ce, zan saya wa amarya mai kyan hoto, a bar maganar wayo ga ɗan akwati, in ya tsufa a canza shi kaɗai.

Malamin Lissafi, Zariya:
Na gode Hajiya. Ba ke kaɗai ba ce. A 2015 YouTube ya daina aiki a kan talabijin masu intanet da yawa da aka yi a 2012 zuwa baya, Netflix ma ya yanke wasu tsofaffi a ƙarshen 2019.

Ɗalibin Injiniya, Manchester:
Yayyena ku yi haƙuri, ni ina ɗaya ɓangaren. Ina amfani da akwatin Apple TV, wanda kamfanin ke sayarwa tun 2007, kuma shekarun da ya yi a hannuna bai yi nauyi ba, sabuntawa na zuwa. Da za su yi talabijin gaba ɗaya da na tara kuɗi na saya, kuma dalilina talla ne.

Talabijin ɗin da na tarar a ɗakin da na kama haya, kana kunna ta talla ce ke fara yi maka sallama tun kafin ka zaɓi abin kallo. Na shiga saitinta na ga wani wuri da aka kunna tun daga masana'anta, wanda ke gane abin da kake kallo ya aika wa kamfanin. Wannan sananniyar harka ce. A 2017 kamfanin talabijin na Vizio ya biya dala miliyan 2.2 a Amurka kan tattara bayanan kallo daga talabijin miliyan 11 ba da yardar masu su ba. A 2024 Walmart mai manyan kantuna ya saye shi kan kusan dala biliyan 2.3, kuma harkar tallar da ke cikin talabijin ɗin ce ta ja hankalinsa. Arahar da muke gani a shago, da idonmu muke cika sauran kuɗin. Ina son a samu ko da kamfani ɗaya ne da zai karɓi kuɗinsa cif ya ƙyale falon mutum.

Ɗan Bronx, Amurka:
Ƙanina, maganarka a kan hanya take, amma dubi farashinsu na allo. Pro Display XDR mai inci 32 da suka fitar a 2019 dala 4,999 aka sa masa, ƙafar da ake ɗora shi a kai kuma dala 999 daban. Akwatin da kake yabo an sa shi dala 129 a 2022. Kuma tun 2019 suka bar AirPlay, hanyarsu ta tura hoto daga waya zuwa babban allo, ya shiga talabijin ɗin Samsung da LG da Sony. Sun riga sun shiga falon ba tare da sun ɗauki nauyin gilashi ba.

Ɗan Sari, Guangzhou da Kano:
Ni da nake shigo da su, ribar ba ta taka kara ta karya ba. A kudancin Sin akwai masana'antun da in ka yi odar da ta kai, za su buga maka sunan da kake so a goshi da kwali da rimot. Don haka shiga harkar ba wuya, zama a cikinta ne aiki. Kwantena ɗaya da ke cin talabijin 'yan ɗaruruwa, in waya ce dubbai za ta ɗauka. Ga kuɗin kwastam, ga canjin dala, ga waɗanda za ka buɗe ka tarar sun tsage a hanyar Legas zuwa Kano, kuma fanel in ya tsage asara ce ɗungurungum.

Manyan ma sun ji jiki. Sony ya yi kusan shekaru goma yana tafka asara a talabijin kafin ya ware sashen ya zama kamfani na daban a ƙarƙashinsa a 2014. Toshiba ya sayar wa Hisense kashi 95 cikin 100 na nasa a 2017. Masu waya da suka daure, irin su Xiaomi da ya fara a 2013, sun yarda ne da riba kaɗan a kan kaya mai yawa. A wajenmu itel da Infinix na Transsion na sayarwa, kuma abin da ke taimakonsu shi ne suna da wuraren gyara na Carlcare tun daga harkar waya. Apple bai taɓa son kasuwar riba kaɗan ba, ban ga abin da zai sa ya fara yanzu ba.

Bamaraɗe, Nijar:
Gaisuwa ga kowa. Mu nan abin da muke tambaya kafin suna shi ne, nawa take ci a batir? Da aka yanke kuran, wato wutar lantarki, da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2023, na ajiye babbar tele ɗina na koma ƙarama mai bolt 12 da ake haɗawa kai-tsaye da batirin sola. Har yau ita muke kallo, da dikoda da filash na fina-finai. Duk kamfanin da zai shigo, in tasa ba ta kai dare a kan batir ɗaya ba, ba tamu ba ce.

Mai Gidan Kallo, Gombe:
Na gwada ta masu waya guda ɗaya a cikin jerin nawa. Ni ramukan HDMI nake so da yawa, da jure zafi da ƙura, don ranar Asabar tun azahar suke kunne har dare a kan janareta. Ta yi aikinta daidai da sauran. Intanet ɗin cikinta kuwa ko sau ɗaya ban haɗa ba.

Uwar Biyu, Kaduna:
Malam Mai Gyara, tunda Allah ya haɗa mu, ta ɗakin maigidan ta fara fitar da wani siririn layi kore daga sama har ƙasa a gefen dama. Wani lokaci ya ɓace in ta yi ɗumi. Fanel ne ya tafi?

Mai Gyara, Sabon Gari Kano:
Hajiya, tunda yana ɓacewa yana dawowa akwai sauran fata. Ki fara cire dikoda ki buɗe menu na talabijin ɗin kanta. In babu layin a nan, to wayar HDMI ce ko dikodar. In yana nan, wataƙila siririyar wayar nan mai faɗi da ke tsakanin ƙaramin bod da fanel ce ta saki ko ta yi datti, a cire a goge a mayar. Kada ki bari yara su riƙa danna wurin da yatsa, kuma kada a fesa ruwan goge gilashi kai-tsaye, yana gangarawa ƙasa ya ci haɗin da ke gindin fanel. Ki duba takardar garanti kafin kowa ya kwance mata ƙusa ko ɗaya, don in aka buɗe ta a waje ba za su karɓa ba.