Neman shawara: abokina ya rasu, an gayyace ni taron tunawa da shi a ɗakinsa na tiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Oakland, jihar Kalifoniya, shekara tara ke nan. Makonni uku da suka wuce abokin aikina ya rasu sakamakon ciwon dajin hanji, yana da shekara 53. Ba'amurke ne, ba musulmi ba, amma tun da na zo ƙasar nan ban haɗu da mai kirkinsa ba. Duk azumi shi yake karɓar mini aikin yamma don in sha ruwa a gida, kuma ko da wasa bai taɓa yi mini gori ba.

Mutumin nan mayen tiki ne. Ga wanda bai sani ba, wata al'ada ce ta Amurkawa da ta samo asali a shekarun 1930 daga mashayar Don the Beachcomber a Hollywood da ta Trader Vic a nan Oakland. Ana ƙawata wuri kamar tsibiran tekun Fasifik, da gora da rufin ciyawa da sassaƙaƙƙun fuskoki, a riƙa haɗa giyar rake da ruwan 'ya'yan itace. Garejinsa ya mayar haka. Kofuna masu fuska sun fi ɗari biyu a jere a bango, shi ya sa nake ce masa Sarkin Kofuna. Duk shekara sai ya sheƙa San Diego taron Tiki Oasis, ya dawo da wani sabon kofi yana ta ba ni tarihinsa, ni kuwa in ce to.

Da kemo, wato maganin dajin da ake yi masa, ya kashe masa baki, komai ya sa a harshe sai ya ji kamar ƙarfe. Matata ta dafa zoɓo da citta da abarba na kai masa. Ya sa aka ɗauko wani koren kofi mai wangalallen baki, ya juye, ya soka ƙaramar lemar takarda a kai, ya kurɓa ya ce yau ya ji ɗanɗano. Daga nan duk Asabar sai na kai, har ya daina iya haɗiya.

Yanzu matarsa ta shirya taron tunawa da shi a garejin, kowa ya sa riga mai furanni, kuma za a sha giya. Ta ce ya bar wasiyya a ba ni koren kofin nan. In je ko kada in je? Kofin kuma ya zan yi da shi? Ku ba ni shawara don Allah.

Dattijo daga Zariya: Ɗana, Allah ya ba ka haƙuri. Ta'aziyya da rama alheri ba laifi ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, ya ce ashe ba rai ba ne. Amma zama a inda ake zagayawa da giya an hana mu. Ka je da wuri kafin a fara, ka gai da matar da 'ya'yan, ka faɗi alherinsa, ka yi sallama. Kofi mai siffar gunki kuwa, ni ba zan kwana da shi a ɗakina ba.

Wata nas a Maryland: Baba ya yi gaskiya a kan zuwa da wuri, sai dai ɗan'uwa kada ka yi zuwan jeka-na-yi-ka. Na sha ganin irin wannan, ranar taro gida cike, bayan sati biyu matar ita kaɗai da takardun asibiti. A lokacin ne za a san aboki. Ka je ka yanke mata ciyawa, Hajiya ta aika da abinci. Sannan shekararka nawa? Tun 2021 aka rage shekarun fara gwajin dajin hanji a Amurka daga 50 zuwa 45. Mazanmu da sun ji za a zura kyamara ta ƙasa sai su ce Allah ya kiyaye, su gudu. Ka je a duba ka.

Wani ɗalibi a Honolulu: Maganar gunki na ɗan yi tsokaci, Baba a yi mini afuwa. A wurin Maori na New Zealand, Tiki shi ne mutum na farko a tatsuniyarsu, kuma sassaƙen asali yana da alaƙa da bauta. Amma kofunan nan 'yan kasuwar Amurka ne suka ƙera su don sayar da abin sha, har wasu 'yan asalin Hawai suna jin haushin yadda aka mayar da abin da suke girmamawa kofin mashaya. Ba wanda ya taɓa yi wa kofin abokinka sujada. Ko ya halatta a ajiye shi, wannan na malamai ne.

Dattijo daga Zariya: Yaro, ko ba a bauta masa ba, siffa siffa ce. Amma ban ce ya mayar wa matar da kyautar a gaban jama'a ba, wannan cin fuska ne. Ya karɓa da hannu biyu, sauran ya tambayi limaminsu.

Maman 'yan biyu, Kumasi: Ni dai zoɓon nan ne ya sa ni hawaye. Ku dafa babbar tukunya ku kai, ka ba su labarin. Masu shan giyar ma su san abin da ya iya sha a ƙarshen rayuwarsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na kira matar, ta ce in zo ƙarfe biyu, sai huɗu za a buɗe kwalabe, kuma ni zan fara magana. Hajiya ta riga ta jiƙa zoɓo. Kofin zan karɓa, ranar Juma'a in nuna wa liman hotonsa. Anti nas, shekarata 47, kin kama ni. Zan kira likita ranar Litinin.