Metformin da ɓacin ciki: a ajiye ko a daure?

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana goma ke nan da likita ta ɗora ni a kan Metformin saboda PCOS, wato matsalar ma'ajiyar ƙwai ta mata, don al'adata sai ta yi wata huɗu ba ta leƙo ba. Tun da na fara sha cikina bai zauna ba. Jiya a gidan biki sau uku ina neman ban ɗaki, har uwar amarya ta ja ni gefe ta ce ko ƙaruwa aka samu. Bakina kuwa kamar na tsotsi ƙusa. Haka yake yi wa kowa?

Hajiya Ladidi: Wa'alaikumus salam. 'Yata, ajiye shi tun wuri. Wannan maganin masu ciwon suga ne, ke kuma ba ki da suga. Kuma cin ƙoda yake yi. Mijin ƙanwata ya shekara da shekaru yana sha, yanzu wankin ƙoda ake masa sau biyu a sati. Ki nemi hulba ki riƙa jiƙawa.

Ummi: Innalillahi. Ni ma fa shi nake sha.

Sista Rabi: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, amma a yi mini afuwa, nan ba zan bi ki ba. Shekarata 14 ina aikin jinya. Ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen kashe ƙoda, shi maganin dai an same shi ne a wurin. Abin da ke rikita mutane shi ne, ta ƙoda yake fita daga jiki. Idan ƙodar ta riga ta yi rauni sai ya taru a jini, shi ya sa likita ke rage shi, in awon ƙarfin ƙoda ya sauka ƙasa da 30 a tsayar gaba ɗaya. Sai dangi su ji an ce "a daina maganin saboda ƙoda", su tafi da labarin cewa shi ya yi ɓarnar.

Hajiya Ladidi: To me ya haɗa mai neman haihuwa da maganin suga?

Sista Rabi: Insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, shi ne ya haɗa su. Da yawa cikin masu PCOS jikinsu ba ya jin insulin yadda ya kamata, sai jikin ya yi ta ƙara zubo shi. Yawansa kuma yana zuga ma'ajiyar ƙwai ta fitar da sinadarin maza fiye da kima. Daga nan gashin haɓa, ƙurajen fuska, ƙwai ya ƙi fita, al'ada ta rikice. Kin ga baƙin nan da ke kwanciya a bayan wuya kamar dauɗa, a yi ta dirza da soso ya ƙi fita? Sau da yawa alamarsa ce.

Anti Zulai: Ni shaida ce. Satin farko na yi kuka, na rantse. Sai likitana ya mayar da ni miligiram 500 sau ɗaya a rana, ya ce in sha a tsakiyar tuwon dare, ba kafin ci ba, ba bayan na wanke hannu ba. Loma biyar, ƙwaya, sannan in ƙarasa. Bayan sati biyu aka ƙara ta safe. Wajen wata guda cikin ya lafa. Abu ɗaya ne har yau ba ma shiri: ranar da na ci soyayyen abu mai maiƙo, ko na sha lemon kwalba, to ranar ba ni ba fita.

Fa'iza: Anti, ba kowa ba ne fa. Ni wata uku na daure, na rame, ko aiki ban iya zuwa da safe. Kada a mayar da shi kamar wadda ta kasa jurewa raguwa ce.

Sista Rabi: Gaskiyarki Fa'iza. Akwai irin wanda ke narkewa a hankali, za ki ga an rubuta XR ko SR a kwalin, ya fi sauƙi a ciki, amma ba a fasa shi ba a tauna shi. Wasu ko shi ba sa ɗauka, sai a sauya hanya. In haihuwa ake nema ma, ba shi ne kan gaba ba, Letrozole ne yanzu aka fi farawa da shi don ƙwai ya fita.

Hajiya Ladidi: Mu dai iyayenmu da itatuwa suka haife mu.

Sista Rabi: Ai shi ma jikan itace ne, Hajiya. Asalinsa daga wani tsiro ne na Turai mai suna galega, wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu suga a 1957.

Hajiya Ladidi: To kin ji! Su je su dawo, wurin itacen dai za a ƙare.

Ummi: 😂 Hajiya ba a kayar da ke. Sista, ni shekarata uku a kansa, ƙafafuna suna mini kamar tafiyar kiyashi.

Sista Rabi: Ummi, wannan kam ki je a duba miki bitamin B12, daɗewa a kansa yana rage shi. Kuma duk wadda amai da gudawa suka kayar har ruwa ba ya zama a cikinta, ta dakata da shi ta nufi asibiti a ranar.

Maman Khalil: Na ɗauko kwalin yanzu. 850 ne, safe da dare, kuma ni da asuba nake haɗiye na safen da ruwa kawai kafin in ɗora wa yara karin kumallo.

Anti Zulai: Kai! Ai dole.

Maman Khalil: Litinin zan koma wurin likitar in tambayi na XR ɗin.

Hajiya Ladidi: Ni dai ban janye ba. In kin je ki ce a auna miki ƙodar.

Sista Rabi: Wannan kam na sa hannu, Hajiya. Ki tafi da kwalin a jaka, Maman Khalil.