Yadda za a jera kallon Stargate SG-1 da Atlantis

Masu bin waɗannan shirye-shiryen almarar kimiyya kan ce jerin kallo shi ke gyara labarin ko ɓata shi. Daga Yulin 2004 zuwa 2007 tashar Sci Fi ta Amurka ta riƙa nuna su a jere ranar Juma'a, marubutan kuma da wannan tsari suka yi aiki.

Shawarar ita ce a gama zango 7 na SG-1 tukuna, domin ƙarshensa ne ke share wa Atlantis hanya. Daga nan a haɗa zango 8 na SG-1 da na 1 na Atlantis, 9 da na 2, 10 da na 3, kashi ɗaya nan, kashi ɗaya can. Kowane zango cikin waɗannan shidan kashi 20 ne, don haka lissafin na tafiya daidai.

Wanda ya cinye SG-1 gaba ɗaya kafin ya taɓa Atlantis zai ji ana ambaton Wraith, wato baƙin halittun da ake yaƙa a Atlantis, bai san su ba, sirrin wasu kashi-kashi kuma ya tonu masa tun kafin ya kai gare su. Wani abin da ya ƙona wa masu kallo rai a lokacin da aka fara nuna su shi ne hutun watanni bayan kashi 10, ana tsaka da rikici. Mai kallo a yau kada ya tsaya a wurin.