Soul Knight: kullum a 1-5 ake kashe ni, ina kuskurena yake?

Abba, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum yayyena. Sati biyu ke nan da na sauke wasan Soul Knight a waya, amma har yau ban taɓa ganin 2-2 ba, wato mataki na biyu a hawa na biyu. Da Knight nake bugawa, jarumin da ake fara wasan da shi. Duk sanda na mutu na sake shiga, sai in tarar ɗakunan sun canza, makaman ma sun canza, babu abin da zan haddace. Yawanci ina isa wajen bos na 1-5, wato babban dodon ƙarshen hawa na farko, da jini biyu ko uku, shuɗin layin nan kuma ya ƙare, babbar bindigar da na tsinta ta ƙi tashi. Wayata mai RAM 2 ce, takan ɗan tsaya idan harsasai suka cika fuska. Don Allah masu sani, me zan gyara?

Yaya Sada, Ƙofar Ƙaura:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba a ɗakin bos kake mutuwa ba, tun 1-2 da 1-3 kake zubar da jinin da za ka buƙata a can. Dubi layuka ukun da ke saman hagu. Ja shi ne jini, na tsakiya sulke ne, shuɗi kuma enaji. Knight yana farawa da jini 6, sulke 5, enaji 180. A cikin ukun nan sulke kaɗai ke dawowa da kansa: idan aka ɗauki 'yan daƙiƙu ba a taɓa ka ba, sai ya riƙa cika ɗaya bayan ɗaya. Jini ba ya dawowa sai ka sha jar kwalba, ita kuma ba ta da tabbas, wani zagayen ka ga uku, wani ka ƙare hawa guda ba ka ga ko ɗaya ba.

To ga yadda duka ke shiga. Sulke ake fara ci. Idan sulkenka saura 1 aka yi maka dukan 3, ragowar 2 daga jini za a cire. Saboda haka da zarar ka ga sulke ya sauko 2, ka daina neman kisa, ka nemi bayan bango ka tsaya har ya cika. Haka nan idan ka gama da ɗaki, kada ka taka ƙofar na gaba sai sulke ya cika tam, maɓallin baiwarka, wato ƙarfin musamman na jaruminka, shi ma ya dawo. Wasan ba ya hukunta mai jira. Akwai wasanni irinsa, kamar Risk of Rain 2, da abokan gaba ke ƙara ƙarfi gwargwadon lokacin da ka ɓata, amma nan ba haka ba ne. Daƙiƙa goma a bakin ƙofa kyauta ce, kuma ita ce mafi yawan sababbi ba sa ɗauka.

Wani abu kuma: abokan gaba rukuni-rukuni suke fitowa a ɗaki ɗaya, sabon rukuni ba ya ɓullowa sai ka kashe na ƙarshe a wanda ya gabace shi. Idan sulkenka ya fashe, ka bar guda ɗaya mai rauni da rai, irin mai ƙaramar bindigar nan, ka riƙa zagaya ginshiƙi da shi har sulke ya cika, sannan ka ƙarasa shi.

Mubarak, Sabuwar Unguwa:

Abin da Yaya Sada ya faɗa shi ne tushe. Ni batun shuɗin layi zan taɓa, don nan ne babbar bindigarka ke cin amanarka. Kusa da hoton makamin da kake riƙe da shi akwai lamba. Lambar nan ita ce enajin da kowane harbi ke sha. Bad Pistol, ƙaramar bindigar da Knight ke farawa da ita, sifili take ci. Yi lissafi da kanka: makami mai cin 4, da enaji 180, harbi 45 ne kacal idan ba ka tsinci komai ba. Mai feshi kuwa, ko 1 yake ci, idan ka danne maɓalli ba ɗagawa, kafin ka gama ɗakuna uku ya kwashe rabi. Enaji ba ya cika da kansa, sai 'yan shuɗayen ƙwayoyin da ke zubowa bayan faɗa, ko shuɗiyar kwalba.

Makami biyu kake iya ɗauka. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya yar da Bad Pistol ya cika hannu biyu da manyan bindigogi masu shan enaji. Ɗaya dole ya zama mai cin sifili ko 1, shi za ka share ƙananan ɗakuna da shi. Babban ka ajiye wa bos da manyan dodannin da sukan fi 'yan'uwansu girma. Ka shiga 1-5 da enaji sama da 120, za ka ga bambanci.

Launin sunan makami yana nuna ƙarancinsa: fari, kore, shuɗi, shunayya, ruwan lemo, ja. Amma kada launi ya ruɗe ka. Koren makami da ka iya ya fi ruwan lemon da ba ka san yadda yake harbi ba. Duk abin da ka tsinta, gwada shi sau biyu a ɗakin da babu kowa, ka ga nisan harsashinsa, ka ga ko sai an danne an saki kamar baka, ka ga ko yana rage maka gudu. In bai yi maka ba, tsohon yana nan a ƙasa, ka mayar.

Nana, Daura:

Abba, ka ce babu abin da za ka haddace, kuma a nan ne ban yarda da kai ba. Tsarin ɗakuna ne ke canzawa, halin abokan gaba ba ya canzawa. A dajin hawa na farko, aladen dajin nan kullum tsayawa yake yi kaɗan sannan ya rugo a miƙe, matsawa gefe taki biyu ya wadatar, ja da baya ne ke sa ya cim maka. Mai mashi sai ya matso jikinka yake da haɗari. Mai baka yana ɗaukar lokaci kafin ya saki. Furannin da ke kafe wuri ɗaya ba sa bin ka, kana iya barinsu ƙarshe. Ka ba da zagaye uku ko huɗu don kallo kawai, ba don cin wasa ba: wa ke bin ka, wa ke harbi daga nesa, wa ke tsaye. Masu rugowa a fara kashewa, sai masu harbi, sai kafaffu.

Kuma ka cire idonka daga kan abokan gaba. Wasan da kansa yake saita maka bindiga kan wanda ya fi kusa, ba aikinka ba ne. Idonka ya zauna a kan ɗan mutuminka da tazarar da ke kewaye da shi, kamar faɗin yatsa biyu a fuskar waya. Jajayen harsasan ba su da saurin da kake tsammani. Idan kana kallon su suna tahowa za ka ga ramin da ke tsakaninsu, ka zame ta ciki da ƙaramin motsi. Mai firgita ne ke jan yatsa har ƙarshe, ya gudu daga harsashi ɗaya ya faɗa kan huɗu.

Kada ka tsaya a lungu, kada kuma ka faɗa tsakiyar ɗaki. Da ka shiga ƙofa ta rufe, ka bi gefen bango kana zagayawa ta hannu ɗaya, su taru a bayanka su zama gungu guda. Akwatunan katako ba mafaka ba ne na dindindin, harbi kaɗan ke fasa su, kai ma bindigarka na fasa su. Bangon dutse shi ne abin dogara.

Mubarak, Sabuwar Unguwa:

Ƙari kan maganar Anti Nana: durorin da ke cikin ɗaki. Ja fashewa yake yi, kore guba yake zubarwa a ƙasa, kuma ba su san nasu ba, kai ma suna cin ka. Tunda saitin na kansa ne, sau da yawa harsashinka ne zai fasa duron da kake laɓe a jikinsa. Ka fasa su daga nesa tun farko, ko ka jira gungu ya zo kusa da su.

Malam Lawal, Ƙofar Soro:

Ni ina ganin an bar abu mafi sauƙi ga sabon hannu, wato makamin sara. Takobi, gatari, sanda, mafi yawansu ba sa cin enaji ko kaɗan, kuma saransu yana goge harsashin da ya shigo cikinsa. Yaro mai takobi da ya iya lokacin sara zai wuce dajin nan sulkensa bai fashe ba. Ga Knight, idan ya danna baiwarsa yana riƙe makami biyu na 'yan daƙiƙu, to mai sara da mai harbi tare kariya ce da hari a lokaci guda. Ko ba ka da takobi, idan abokin gaba ya manne maka, maɓallin harbi da kansa yake komawa sara da hannu, ba ya cin komai.

Yaya Sada, Ƙofar Ƙaura:

Malam, gaskiya ne, amma a gaya mashi iyakarsa kada ya saba da shi ya sha mamaki a gaba. Sara ba ya tare hasken lesa, ba ya tare fashewa, ba ya tare gubar da ke ƙasa. A jirgin sama jannatin hawa na uku masu lesa sun yi yawa, mai takobi kaɗai a hannu wahala yake sha. Kuma tsakanin sara da sara akwai 'yar tazara, makami mai nauyi tazararsa ta fi tsawo, ta nan harsashi ke shigowa. A wayar da ke tsayawa, wannan tazarar ce ke kashe mutum. Ya riƙe takobi a matsayin makami mai cin sifili, na yarda, amma ɗayan hannun ya kasance mai kai wa nesa.

Malam Lawal, Ƙofar Soro:

Na karɓa. To bari in ƙara batun kuɗi da zaɓi, don su ma suna kashe mutum a ɓoye. Zinaren da kake tsinta ba ya bin ka zuwa zagaye na gaba, a cikin zagayen ake sayayya da shi. Amma a hawa na farko ba shi da yawa, sai an zaɓi inda za a sa shi. Idan jininka ya ragu kuma mai shago na da jar kwalba, ita ce farko, kafin kowace bindiga. Idan jini cike yake, sojan haya ya fi sabon makami amfani ga sabo, ba don kisan da yake yi ba, don yana raba hankalin abokan gaba, rabin harsasan su koma kansa. Kyanwar da ke bin ka ma aikin da take yi ke nan. Mutum-mutumin da ake biya kuwa, ƙarfinsa ba ya fita sai ka danna maɓallin baiwa, wanda ke mantawa da maɓallin nan asarar kuɗi ya yi. Kaya suna ƙara tsada yayin da kake hawa, abin da ka gani da araha a 1-2 ba za ka same shi haka a 2-4 ba.

Bayan wasu matakan za a ba ka ƙari uku ka zaɓi ɗaya. Sababbi suna rugawa kan wanda ke ƙara harbi. Ka fara da na tsira: wanda ke hana duka tsallakawa zuwa jini idan sulke ya fashe, wanda ke ƙara sulke ko jini, wanda ke kare ka daga guba ko wuta ko ƙayoyin ƙasa. Na farkon nan, in ya fito, kada ka duba sauran. Wanda ke sa sara ya mayar da harsashi kan mai shi yana da kyau ƙwarai, amma sai kana riƙe da makamin sara. Na ƙara wa bindiga mai watsi harsasai ba ya yi wa mai baka komai. Dubi hannunka kafin ka zaɓa.

Kuma kada ka faɗa ƙofar wucewa don ka gan ta. Duba 'yar taswirar sama, ɗakunan gefe masu akwati ko alamar motsin rai babu faɗa a cikinsu galibi, nan makami da shago suke.

Abba, Ƙofar Marusa:

Na gode yayyena, Allah Ya saka. Na gwada jiran sulke da ajiye babbar bindiga, yau na shiga ɗakin bos da jini 6 da enaji 150. Amma wani ƙaton fure mai jijiyoyi ya cika ɗakin da guba da harsasai, wayar ta ɗan daskare, na mutu saura kaɗan. Shi bos ɗin ya ake yi da shi? Wayar kuma fa?

Nana, Daura:

Devil's Snare ka haɗu da shi, ɗaya daga bosawan daji. Ba ya barin wurinsa, saboda haka kai ke zaɓar tazara. Tsaya nesa, yi ta zagaye a hankali, kada ka taka koren da ke ƙasa ko da hanya ta fi kusa ta nan. Kowane bos hare-harensa 'yan kaɗan ne yake maimaitawa, tsakaninsu kuma yana ɗan lafawa. A lafawar nan za ka danna baiwar Knight ka zazzage masa babbar bindiga. Yana fara watsi, ka bar tunanin harbi, ka koma kaucewa. Idan jininsa ya kai wajen rabi yakan ƙara zafi, to kada ka ƙone enajinka duka a rabin farko. Mutuwar "saura kaɗan" kusan kullum daga kwaɗayin ƙarasawa take: mutum ya ga layin bos ya kusa ƙarewa, ya tsaya cak yana harbi.

Mubarak, Sabuwar Unguwa:

Batun waya, zafi ne babban dalili, balle yanzu da rana ke dukan Katsina tun ƙarfe goma. Waya idan ta yi zafi da kanta take rage gudun injinta don kada ta lalace, shi ne daskarewar da kake gani, kuma lokacin da harsasai suka fi yawa take zuwa. Kada ka buga tana jikin caji, ko a shagon mai caji ko da fawa banki. Cire mata riga. Rufe WhatsApp, TikTok da Facebook gaba ɗaya kafin ka buɗe wasan, RAM 2 ba ya ɗaukar su tare. Kashe yanayin tattalin batir, shi ma rage gudu yake yi. Ka bar aƙalla giga ɗaya a ma'ajiyar wayar babu komai. Wasan yana tafiya ba data, ka kashe ta don saƙo kada ya sauko maka a fuska tsakiyar faɗa, sai dai ka sani tashin da ake ba ka sau ɗaya bayan mutuwa ta hanyar kallon talla yana buƙatar intanet. Yatsa mai gumi ma yana sa maɓallin tafiya ya zame, goge fuskar wayar da hannunka a bakin ƙofar bos, lokacin da kake jiran sulke.

Idan akwai mai wasan a unguwarku, ku haɗa ta hosfot, har mutum huɗu yana ɗauka, kuma wanda ya faɗi ɗan'uwansa na iya tsayawa kansa ya tashe shi. Wanda wayarsa ta fi ƙarfi shi zai buɗe ɗakin, kai ka shiga, kuma ku tabbata sigar wasan iri ɗaya ce a wayoyin duka, in ba haka ba ba za ta haɗu ba.