Me za mu kira "hint" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan bakin zare

Jama'a, assalamu alaikum. Wata kalmar Turanci ce ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo ta nan mu yi mata taron dangi. Kalmar ita ce "hint", wato ɗan taimakon da ake ba mai tambaya don ya gano amsa da kansa. Ina koyar da lissafi a wata sakandaren ƙauye a ƙasar Taura, kuma muna da zaure a WhatsApp da muka buɗe don 'yan aji shida masu shirin WAEC da NECO. Mu uku ne malamai a ciki, sai wasu tsofaffin ɗalibanmu da ke jami'a a Dutse da Kano, suna leƙowa in sun samu sarari.

Ranar Lahadi da dare, bayan an watse daga kasuwar Gujungu, wata yarinya ta turo hoton jinga da wayar yayanta. Hoton a karkace, da hasken tocila aka ɗauka, inuwar babban yatsa ta rufe rabin layin ƙarshe. Ko sallama babu. Abin da ta rubuta a ƙasa kawai shi ne: "amsa yanzu yanzu". Tambayar kuwa: wani mutum yana da awaki da kaji, kawunansu 20, ƙafafunsu 56. Awakin nawa ne, kajin nawa ne?

Ɗaya daga cikin 'yan jami'ar ya amsa mata, rabi Hausa rabi Turanci, ya ce ba zai ba ta amsa ba, "hint" zai ba ta. Ta yi shiru kamar minti goma, sai ga saƙo: "Yaya in ba za ka faɗa ba ka bari, datata ta kusa ƙarewa." Ta fice daga zauren. Shi kuma ya hau sababi, wai yaran yanzu so suke a tauna a zuba musu a baki, wai ko sannu ba su iya cewa ba.

Na kwana ina juya abin. Yaron yana da gaskiya, don in ya rubuta mata lambobi biyu ta kwafe, ranar jarrabawa ba ya cikin ɗakin, kuma duk mun san akwai fannoni da yawa a jami'a da ba a shiga ba tare da kiredit a lissafi ba. Ita ma ban ga laifinta sosai ba. Wayar aro ce, mai ita yana tsaye a kanta, kuɗi aka biya aka yi mata caji a shago, sabis kuma sai an fita bakin titi. Wanda yake cikin wannan hali ba ya da lokacin doguwar gaisuwa. Amma abin da na lura shi ne, "ba zan ba ki ba" da Hausa ta ji shi, kyautar da ke biye kuma da Turanci ta zo. Sai hanin ya shiga kunnenta, kyautar ta wuce ta bayan kai. Rowa kawai ta gani.

To, me za a ce da Hausa?

Na tambaya a ɗakin malamai, kafin in rufe baki an ce "satar amsa". Gaskiya ita ce a bakin mutane, ko a kacici-kacicin rediyo za ka ji mai gabatarwa ya ce bari in ba ka satar amsa. Matsalarta biyu. Ta farko, sunan da muke kiran maguɗin jarrabawa ke nan, ba zan tsaya gaban aji ranar Litinin in yi wa'azi a kan satar amsa ba, da dare kuma in ce ga taku. Ta biyu, kalmar "amsa" tana ciki. Yaro zai zauna yana jiran lamba, in bai gan ta ba ya ce an yaudare shi.

Malamin Hausarmu ya kawo "hannunka mai sanda". Da daɗi a baki, amma wannan jan kunne ne a fakaice, irin wanda ake yi wa mai shirin ɓata rawarsa da tsalle. Yaron da lissafi ya kakare masa bai yi laifin komai ba. "Ishara" ta yi nauyi, kamar za a fassara mafarki. "Ƙarin haske" kuma cikakken bayani ne, wanda ake yi bayan an gama magana. "Mabuɗi" ya ja hankalina da farko, sai na tuna mabuɗi in ya shiga kuba, ƙofa a buɗe take gaba ɗaya, ba sauran aiki. Malamin addini ya ce a ɗauki "talƙini", tunda shi ma ɗora wa mutum kalma ne a baki. Na ce Allah ya gafarta malam, yaran nan lissafi ne ya sha musu kai, ba su kai gargara ba tukuna. Aka yi dariya aka tashi ba matsaya.

A gida na samo ta, kuma ba nema nake yi ba. Kakarmu har yanzu takan taɓa kaɗi in ta samu auduga, da mazarinta da taskonta da ɗan allin da take shafa wa yatsu. Ƙanwata mai ɗinkin hula ce zarenta ya cukurkuɗe, tana ta fizga yana ƙara ɗaurewa. Tsohuwa ta ce miƙo nan. Ta jujjuya shi a tafin hannu, ta sa farce ta zaƙulo bakin, ta mayar mata ta ce: "Ungo, warware abinki." Ba ta warware mata ko taƙi ɗaya ba, ta koma kan mazarinta. Ƙanwar tawa ta zauna ta yi ta ja a hankali har ya miƙe.

Nan take na ce wannan ita ce. Bakin zare.

Ku gwada ta a kan tambayar yarinyar. Amsa ita ce a faɗi yawan awaki da yawan kaji. Bakin zare kuwa shi ne a ce: ki ɗauka duka 20 ɗin kaji ne, ƙafa nawa za ki samu? Za ta ce 40. To, ina sauran 16 suka fito, kuma kowace akuya da ƙafa nawa ta fi kaza? A nan za ka tsaya, ka cire hannunka. Haka in an ce x² − 5x + 6 = 0, bakin zaren shi ne: nemo lambobi biyu da in ka ninka ɗaya da ɗaya su ba da 6, in ka haɗa su su ba da 5. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Hangari, George Polya, ya rubuta littafi a 1945 kan yadda ake warware tambayoyi, inda ya ce malami ya taimaka, amma kada taimakon ya yi yawa kada ya yi kaɗan, don ɗalibi ya samu kasonsa na aikin. Kakarmu ba ta taɓa jin sunansa ba, amma daidai gwargwadon da yake nufi ta miƙa.

Wani abokina da ke koyarwa a Ringim ya ƙalubalance ni, ya ce ai in Bahaushe ya ce an gano bakin zaren, yana nufin matsala ta zo ƙarshe. Na ce a'a, saurara da kyau in ana faɗa. Ana cewa an gano bakin zaren rikici tun ba a sasanta ba, ana nufin an san ta inda za a kama. Warwarar tana gaba. Na yarda da shi a abu ɗaya, jam'inta ba daɗi. "Bakunan zare" ba ya shiga kunne. Sai dai a ce na ba shi bakin zare sau biyu, shi ke nan.

Abin da ya ƙara sa na riƙe ta shi ne tana zuwa da 'yan uwanta, kuma su ne ladabin tambayar gaba ɗaya. Mai taimako zai iya cewa "a ina zaren ya cukurkuɗe maka?" maimakon "wannan ma ba ka iya ba?", wadda ita ce ke korar yara daga zaure fiye da tsadar data. Mai tambaya kuma dole ya nuna ƙullin, wato ya ɗauki hoton abin da ya gwada, ko da kuskure ne, don ba a nemo bakin zaren da ba a miƙo ba. Wanda ya turo tambaya goma a jere da shafi fari fat, buhun auduga ya kawo, ba zare ba. Sallama kuwa layi ɗaya ce, ba ta cin data, wannan ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kai. Masu taimakon ma ba albashi ake biyan su ba, barcinsu suke ragewa.

Na rubuta hakan a saman zauren, na sa yayan yarinyar ya dawo da ita. 'Yan jami'ar biyu sun karɓa, ɗaya ya ce shi satar amsa ya saba kuma ba zai canza ba. Na ƙyale shi.

Daren jiya saƙonta ya shigo: "Salamu alaikum Malam, ga inda na tsaya, a ba ni bakin zare." Hoton a miƙe wannan karon, ta ɗora littafin a kan tabarma. Ta yi aikin har ƙasa, ta samu awaki 12, kaji 8. Na ce mata ƙirga ƙafafun awakinki da na kajinki ki gaya mini. Bayan ɗan jim ta rubuto: "64 Malam. Af, na juya su." Daga nan yayan ya karɓi wayarsa.